Sunan MacDonald: Abin da Salsala Ta Faɗa da Abin da Jini Ya Nuna

Yawancin mutane idan suka ji MacDonald, gidan sayar da abincin nan na Amurka ne ke fara faɗo musu a rai. A Sikotlan ba haka lamarin yake ba. Can sunan dangi ne mai nauyi, dangin da ya yi sama da shekara 150 yana riƙe da tsibiran yammacin ƙasar da jiragen yaƙinsa, har sarakunan ƙasar suna kwana da shakkarsa. Yana cikin sunaye goma da suka fi yawa a Sikotlan, kuma duk cikin sunayen da ke farawa da "Mac" babu wanda ya kai shi jama'a. Tun farkon shekarun 2000 da aka fara yi wa maza masu wannan suna gwajin DNA, ya fito fili cewa abubuwa uku da ake yi wa kallon abu ɗaya, wato sunan da mutum ke amsawa, da salsalar da aka rubuta masa, da jinin da ya gada daga uba, kowannensu da hanyar da ya bi.

Ma'anar sunan ba ta da wuya. A harshen Gelik, wanda shi ne harshen tsaunukan Sikotlan da tsibiranta tun da can, "mac" na nufin ɗa. MacDhòmhnaill ke nan, ɗan Dòmhnall, wanda bakin Turawan Ingila ya mayar Donald. Shi kuwa Dòmhnall tsohon suna ne da aka haɗa daga kalmar duniya da ta mulki, wato mai mulkin duniya. Mace a harshen ba a ce mata Mac, sai Nic. Maganar da ake yawan yi cewa "Mac" na mutanen Sikotlan ne "Mc" kuma na mutanen Ailan, ba ta da tushe. Taƙaitawar marubutan rajista ce kawai, kuma akan ga mutum ɗaya an rubuta sunansa iri biyu ko uku a takardu daban-daban.

Donald ɗin da dangin ya ɗauki sunansa ya rayu a farkon rabin ƙarni na 13, kuma tarihi bai adana abu mai yawa a kansa ba. Kakansa ne ya cika ido. Sunan kakan Somerled, ko Somhairle a bakin Gelawa, wato masu magana da Gelik. Ya taso a yankin Argyll, ya auri Ragnhild, 'yar Olaf, sarkin tsibirin Man da sauran tsibiran yamma. Bayan rasuwar surukinsa sai ya shiga jayayya da ɗan'uwan matarsa, Godred. A watan Janairun 1156 suka gwabza a teku cikin dare, Somerled da jirage 80 a cewar kundin tarihin Man, aka tashi da raba masarautar. Bayan shekara biyu Somerled ya kori Godred gaba ɗaya. A 1164 ya kai hari cikin ƙasar Sarki Malcolm na Huɗu, aka kashe shi kusa da Renfrew.

Daga 'ya'yansa dangogi suka rarrabu. Dubgall shi ne tushen MacDougall. Ragnall ya haifi Donald, tushen MacDonald, da Ruaidhri, tushen MacRuari. Daga ɗan Donald mai suna Alasdair aka samu MacAlister. Da farko MacDougall ne ke gaba, amma suka yi rashin sa'ar zaɓen ɓangare. A rikicin gadon sarautar Sikotlan sun yi adawa da Robert Bruce, mai neman sarautar, saboda suna da surukuta da gidan Comyn, wanda Bruce ya kashe musu shugaba a 1306. Angus Og na gidan MacDonald kuwa ya bi Bruce, har yaƙin Bannockburn na 1314. Da Bruce ya yi nasara, filaye suka bi wanda ya mara masa baya. Ɗan Angus, John na Islay, shi ne ya fara kiran kansa Ubangidan Tsibirai a 1336, da fadarsa a Finlaggan, wasu 'yan tsibirai a tsakiyar tafki a tsibirin Islay. Daga 'ya'yan John ɗin nan, na mata biyu, manyan rassan dangin suka fito: Clanranald da Glengarry a ɗaki guda, sai Sleat da Keppoch da reshen Antrim na arewacin Ailan a ɗaya ɗakin. Mulkin ya ƙare a 1493 da Sarki James na Huɗu ya ƙwace sarautar, bayan tun da farko asirin wata yarjejeniya da suka ƙulla da sarkin Ingila a 1462 ya tonu. Yau magajin gadon sarautar Birtaniya ne ke riƙe da laƙabin.

Duk tsawon wannan zamani dangin yana da mawaƙan fada na gado, gidan MacMhuirich, waɗanda aikinsu ya haɗa da riƙe salsala. Abin da suka riƙe, wanda ake samu a tsofaffin rubuce-rubucen hannu har da wani na 1467, shi ne cewa Somerled ɗan Gille Brigte ne, ɗan Gille Adomnain, a yi ta hawa har zuwa Colla Uais, wani sarkin Ailan da ake sanyawa a ƙarni na 4, daga shi kuma zuwa Conn mai yaƙi ɗari. Shi ya sa kirarinsu a fagen daga shi ne 'ya'yan Conn. Masana tarihi sun daɗe da lura da wata matsala a jerin. Sunayen da ke tsakanin Somerled da Colla goma sha kaɗan ne, alhali tazarar ta kai kusan shekara 800. Kafin lissafin ya yi daidai sai kowane uba ya haifi magajinsa yana da shekara sittin da wani abu, ba sau ɗaya ba, har sau goma sha a jere. Ga kuma sunan Somerled kansa, wanda na mutanen Norwe ne, ma'anarsa matafiyin bazara, irin laƙabin da ake yi wa masu fita hari a teku idan sanyi ya wuce. Duk da haka, marubutan ƙarni na 19 da farkon na 20 suka mai da shi gwarzon Gelawa wanda ya kori baƙin Norwe daga tsibirai.

A nan gwajin jini ya shigo, kuma sai an fahimci abin da ake aunawa kafin a fahimci sakamakon. A cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai zaruruwan gado 46 da ake kira kuromosom, rabi daga uwa rabi daga uba. Kusan dukkansu sukan cuɗanya a kowace haihuwa, ta yadda bayan 'yan zuri'o'i ba a iya cewa wannan gutsuren na wane kaka ne. Guda ɗaya ne ya fita daban, wanda ake kira Y. Namiji kaɗai ke da shi, daga mahaifinsa kaɗai yake samunsa, kuma kusan dukkansa yana wucewa ba tare da ya gauraya da na uwa ba. Lokaci-lokaci akan sami ɗan sauyi wajen kwafarsa, sai wannan sauyin ya zama tambari a jikin duk 'ya'ya maza da jikokin wanda abin ya faru a kansa. Da waɗannan tambura masana suka zana bishiyar mazan duniya, suka raɗa wa rassanta sunaye da haruffa da lambobi. Tun da a Turai sunan iyali ma ta wajen uba yake bi, ana sa ran suna da Y su yi tafiya tare. Inda suka rabu, akwai labari.

Farfesa Bryan Sykes na Jami'ar Oxford shi ne ya fara lura cewa wani tambari guda yana ta maimaituwa a tsakanin maza masu sunan MacDonald da MacDougall da MacAlister. Sai aka gwada shugabannin rassan dangin su biyar, waɗanda kowannensu ke da rubutacciyar salsala zuwa Somerled. Dukkansu suka fito da tambari ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina shi ne ɓangaren da aka fi yi wa rashin adalci wajen ba da labarin. Rassan da suka rabu tun ƙarni na 14, suka sha yaƙi da juna, aka yi ta aure da mutuwa da ƙwacen sarauta na sama da shekara 600, amma jini ya zo ya gaskata takarda. Mawaƙan fadar nan da ake yi wa kallon masu wasa sarki don abin hannunsa, sun riƙe amana a ɓangaren da suka sani.

Sai dai tambarin na reshen da ake kira R1a ne. Yawancin mazan Ailan da yammacin Sikotlan 'yan reshen R1b ne, kuma da Somerled jinin sarakunan Ailan ne ta wajen uba, nan ake sa ran ganinsa. R1a kuwa ba kasafai ake samunsa a ƙasar Gelawa ba, amma ya yawaita a Norwe. Gwaje-gwaje masu zurfi da aka yi daga baya sun sanya shugabannin a ƙarƙashin ƙaramin reshen Z284, wanda gidansa yankin Sikandinebiya ne. Ma'ana, in aka bi uba bayan uba, mutumin da aka ce ya kori mutanen Norwe, daga Norwe kakansa ya zo.

Jaridu sun ji daɗin wannan, suka juya labarin kai a ƙasa: jiya gwarzon Gelawa, yau ɗan Viking, wato maharan teku na Sikandinebiya. Duka biyun ba su kama gaskiya ba. Maharan Norwe sun fara faɗa wa gidan ibadar Kiristoci na tsibirin Iona a 795. Daga nan zuwa zamanin Somerled shekara 350 ne. A cikin wannan lokaci baƙin sun zauna, sun auri matan wurin, sun karɓi addinin Kirista, 'ya'yansu sun tashi da Gelik a baki, har aka sami wata al'umma ruwa biyu da ake kira Gall-Ghàidheil, wato baƙin Gelawa. Sunan mahaifin Somerled na nufin bawan waliyyiya Brigid, na kakansa kuma bawan waliyyi Adomnan, sunaye ne na gidan da ya daɗe da zama na Gelawa Kiristoci. Yaƙin da ya yi a 1156 ba na ƙabila da ƙabila ba ne, rikicin gado ne tsakanin surukai waɗanda kowannensu ruwa biyu ne. Kuma tsibiran sun ci gaba da zama ƙarƙashin sarkin Norwe har yarjejeniyar Perth ta 1266. Bayan nan ne dangantaka da Norwe ta daina amfani a siyasa, martaba ta koma ga wanda zai iya jingina kansa da tsofaffin sarakunan Ailan. Salsala a wancan zamani takardar neman mulki ce, kuma saman ta, inda babu mai iya musu, nan ake ɗinke abin da ake bukata. Ba abin mamaki ba ne kuma a ce akwai jinin gidan Colla da ya shigo ta wajen wata uwa, abin da gwajin Y ba ya iya gani ko kaɗan.

Akwai iyaka ga hujjar ita kanta. Babu wanda ya gwada ƙasusuwan Somerled. Abin da aka yi shi ne bin sawu a koma baya: shugabannin MacDonald sun haɗu a kaka ɗaya, wasu MacAlister sun haɗu da su, wasu MacDougall ma haka, kuma wurin da rubutacciyar salsala ta ce waɗannan ukun sun haɗu shi ne Somerled. Hujja ce mai ƙarfi, amma ta dogara da takardar da ake son a gwada. Ƙiyasin da aka yi ta yaɗawa, cewa yana da jikoki maza kusan 500,000 a duniya, shi ma lissafi ne da aka faɗaɗa daga ƙaramin adadin mutane. Dalilin yawan dai a fili yake. Shugaban dangi yana da filaye da mata da 'ya'ya masu yawa da ke rayuwa har su girma, kowane ɗa kuma a ba shi yanki ya kafa nasa gidan, talaka kuwa yunwa da yaƙi suna cin nasa. Irin wannan ne aka gani a binciken 2003 da ya danganta wani tambarin da ke jikin maza kusan miliyan 16 a Asiya da gidan Genghis Khan.

Yanzu ga lambar da ta fi damuna. A gwajin farko, kashi 40 cikin ɗari na MacAlister ne ke da tambarin, kashi 30 na MacDougall, kashi 18 na MacDonald. Wani binciken da aka wallafa a 2011 a kan maza 164 masu sunan MacDonald ya sami kashi 23. Wato cikin kowane MacDonald huɗu, uku ba su haɗa uba da shugabanninsu ba. Mai saurin zargi zai ce ɓarna ce ta yi yawa a gidajen aure. Ba a rasa irin wannan a kowace al'umma, amma ba shi ne bayanin ba, kuma daidaituwar jinin shugabannin ma ta nuna hakan.

Bayanin yana cikin yadda dangi yake a tsaunukan Sikotlan. Kalmar da suke amfani da ita, clann, 'ya'ya take nufi, amma ba kowa ne ɗan cikin shugaba ba. A sama akwai shi da 'yan'uwansa na jini, waɗanda ke karɓar manyan filaye su rarraba. A ƙasa akwai manoma da masunta da matuƙa jirage, waɗanda kakanninsu ke wurin tun kafin a haifi Somerled. Ƙarfin shugaba a yawan mazan da zai iya fitarwa ranar yaƙi yake, yawa kuwa shi kan sa zare ya ja dutse, don haka duk wanda ya zo neman mafaka ana karɓarsa. Talaka a lokacin ba shi da sunan iyali tsayayye. Ana kiransa da sunan ubansa da kakansa, ko launin gashinsa, ko sana'arsa. Sai a ƙarni na 17 da na 18, da limaman coci da wakilan masu filaye suka fara rubuta mutane a rajista da Turanci, aka bukaci suna guda, mafi sauƙi kuma shi ne na ubangidan ƙasar. Sunan kamar tsagar fuska yake, wanzami ne ke yi, ba a haifar yaro da ita. Ƙari a kan haka, Donald suna ne gama-gari, don haka akwai 'ya'yan wasu Donald ɗin da ba su da alaƙa da na Islay. Wasu kuma dole ce ta sa: a 1603 gwamnati ta haramta sunan MacGregor baki ɗaya, masu shi suka fake a cikin sunayen maƙwabta, ba a ɗage haramcin na dindindin ba sai 1774.

Yadda suna ke sauyawa ya fito sarai a labarin Neil MacEachen, mutumin tsibirin South Uist daga cikin mabiyan Clanranald. Yana cikin waɗanda suka taimaki Yarima Charles Edward Stuart, wanda ya yi tawaye don neman gadon sarautar Birtaniya, ya tsere bayan an karya su a yaƙin Culloden a 1746. Ya ƙare a Faransa yana amsa sunan MacDonald, ɗansa kuma ya zama Étienne Macdonald, wanda Napoleon ya ba muƙamin mashal a 1809 bayan yaƙin Wagram. A ɗaya gefen Atlantika kuwa akwai baƙaƙen fata da yawa a Jamaika da kudancin Amurka masu sunan McDonald, domin 'yan Sikotlan sun mallaki gonaki da bayi a can. Wasunsu sunan maigida kawai aka liƙa wa kakanninsu. Wasu kuwa har jinin suke ɗauke da shi, ta hanyar da bayi mata ba su da ikon cewa a'a.

Waɗannan kashi uku cikin huɗu su ne suka ɗauki nauyin sunan a tarihi. Su ne a cikin jirage da sahun gaba. Ranar 13 ga Fabrairun 1692, da sojojin gwamnati ƙarƙashin Robert Campbell na Glenlyon suka tashi da asuba suka kashe fiye da mutum 30 'yan dangin MacDonald a kwarin Glencoe bayan an saukar da su baƙi kusan mako biyu, babu wanda ya tambayi waye jikan Somerled. Sunan ne laifin. Abin takaici kuma, bayan Culloden, da shugabannin dangi suka rikiɗe suka zama masu gidan haya da bashi ya yi wa katutu, mutanen nan da ake kira 'ya'ya su aka kora don a saki tumaki. An rushe gidaje a Sollas a 1849, an kwashe mutanen Boreraig da Suisnish a tsibirin Skye a 1853, duk a filayen Lord Macdonald, ɗaya daga shugabannin dangin. A wannan shekarar ce kuma gidan Glengarry ya kori mutanen yankin Knoydart. Ta irin wannan hijira, wata ta dole wata ta neman abinci, sunan ya cika Nova Scotia da Ontario a Kanada, da kuma Ostireliya. Firaministan Kanada na farko a 1867, John A. Macdonald, a Glasgow aka haife shi.

Ga mai son yin gwajin, akwai lissafin da ya kamata ya riƙe. Daga Somerled zuwa yau zuri'a kusan 28 zuwa 30 ce. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, a yi ta ninkawa, a hawa na 30 guraben sun haura biliyan ɗaya, abin da ke nuna cewa mutane ɗaya ne ke ta maimaituwa a cikinsu. Zaren Y gurbi guda tak yake nunawa a cikin duk wannan. Mai tambarin R1a na iya zama bai gaji komai ba daga Somerled in ban da wannan zaren, wanda ba shi da tambarin kuma yana iya zama jikansa ta hanyoyi ɗari ta wajen uwaye. A tsibiran da mutane kaɗan suka yi ƙarnoni suna auren juna, hakan ma shi ya fi kusa da gaskiya. Sunan reshe kuma ba sunan ƙabila ba ne. R1a ɗin nan yana da wasu rassa da suka cika Foland da Rasha da arewacin Indiya. R1b da ya mamaye Sikotlan yana da wani reshe, V88, da binciken da Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya samu da yawa a yankin Tafkin Chadi da arewacin Kamaru, a tsakanin masu harsunan dangin Chadi, har da Hausawa. Rassan biyu sun rabu dubban shekaru kafin a san wani abu wai shi Sikotlan ko Hausa, don haka wannan bai mai da Bahaushe ɗan'uwan MacDonald ba.

Hukumar da ke tabbatar da shugabancin dangi a Sikotlan, kotun Lord Lyon da ke Edinburgh, da takardun gado take aiki. Gidan MacDougall, zuri'ar Dubgall ɗan Somerled, ya rasa magaji namiji a 1953, sai 'yar marigayin, Coline, ta hau. Da ta rasu a 1990 shugabancin ya koma ga Morag, 'yar 'yar'uwarta, wadda mahaifinta ba MacDougall ba ne, ta ɗauki sunan dangin ta zama shugaba ta 31.